Iskar Ƙarƙashin Ƙasa da Doguwar Hanyarta zuwa Kano

Kalmar gas, ko da yake baƙuwa ce a bakinmu, ta daɗe da zama 'yar gida a Kano, har ta haifi ma'ana uku waɗanda jama'a ke cakuɗawa ba tare da sun lura ba. In direban babbar mota da ke jiran lodi a bakin kasuwar Singa ya ce gas ya yi tsada, man dizal yake nufi, wanda ruwa ne da ake zubawa a tanki. In uwargida a Fagge ta aiki yaro da tukunya ta ce a ɗuro mata gas, wani abu dabam take nufi. In kuwa aka ji a rediyo hukuma na cewa za ta jawo gas daga Ajakuta zuwa Kano, to wannan shi ne na uku, wanda galibinmu ba mu taɓa ganinsa ba, alhali kuwa da shi ake samar da mafi yawan wutar lantarkin da ke shigowa ɗakunanmu a ranar da aka ga damar kawo ta. A kan na ukun nan nake nufin yin bayani, shi da kamfanin hukuma da aka ɗora wa amanarsa, amma ba zai fahimtu ba sai an fara rabe shi da na tukunya.

Wata rana da la'asar na zauna a rumfar wani dattijo mai sayar da gas a bayan kasuwar Sabon Gari, ina jiran a cika mini tawa, sai ga wata yarinya ta rungumo 'yar ƙaramar tukunya mai murhu a ka, ta ce, "Baba, Umma ta ce a sa mata na dubu biyu." Ya ce, "To 'yata, ɗora a sikeli." Ya ɗaura tiyo daga babbar silinda, ya murɗa, ya kafa wa allurar sikeli ido, tana motsawa kaɗan ya rufe, sa'an nan ya shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar, ya tsaya ya ga ba ta ɓulɓulo ba, kana ya miƙa mata, ya ce ta gaya wa mahaifiyarta kada a ajiye ta a ɗakin da ake kwana. Duk hikimar sana'ar tana cikin wannan ɗan aiki. Gas ɗin girki iska ce da in an matse ta kaɗan take komawa ruwa, shi ya sa ake sayar da ita da awo, kuma in ka girgiza tukunya za ka ji motsinta. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka in ta tsiyaye ƙasa take kwanciya ta taru a lungu tana jiran ashana. Warin nan kuwa da take yi ba halittarta ba ne, da gangan ake zuba mata shi domin hanci ya yi wa mutum gargaɗi. Kusan duk wadda ake ƙonawa a Kano a bayan tanka take zuwa daga kudu, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka, kuma kuɗin wannan tafiya yana cikin abin da yarinyar nan ta biya.

Ita kuwa iskar bututu, wadda masana ke kira mitan, ta fi wannan taurin kai ƙwarai, domin komai matsin da aka yi mata ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta ƙwarai, akan kai ta har awo 162 ƙasa da sifiri, inda take tsukewa ta koma kashi ɗaya cikin 600 na girmanta. Saboda haka hanyoyin ɗaukarta ƙalilan ne, kowace kuma da tsada: ko a shimfiɗa mata bututun ƙarfe tun daga rijiya har bakin masana'anta, ko a sanyaya ta a loda a jirgin ruwa na musamman, ko a danna ta da ƙarfi cikin silinda mai kauri, irin wadda aka yawaita ɗaura wa motoci tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Wanda ya riƙe wannan mas'ala guda ya riƙe makullin tarihin gas na Nijeriya baki ɗaya: fetur ana iya zuba shi a durom a ajiye, a kai shi duk inda aka ga dama, amma gas sai wurin da aka riga aka haƙa masa hanya.

Da aka sami mai a Oloibiri cikin 1956, aka soma fitar da shi waje cikin 1958, Turawan kamfani mai suka zo nema, iskar da ke biyo shi daga rijiya kuwa suka ɗauke ta kaya marar mai saye. Maimakon su kashe kuɗi wajen tara ta, sai suka kafa dogayen bututai suka cinna mata wuta, ta yi ta ci dare da rana, har yara suka tashi a wasu ƙauyukan Neja Dalta ba su san duhun dare sosai ba, mata kuma suna shanya rogo a gefen harshen wutar. An yi doka cikin 1979 wadda ta sa ranar 1 ga Janairu, 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawa, wa'adin ya zo ya wuce, aka maye gurbinsa da tara wadda biyanta ya fi gyaran sauƙi. Cikin 2005 babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙonawar ta saɓa wa haƙƙin rayuwar jama'a, duk da haka wutar ba ta mutu ba, ko da yake ta ragu ainun bisa ga da. Malamanmu na fikihu, waɗanda suka karhanta ɓarnar ruwan alwala ko da mutum a bakin kogi yake, ban san sunan da za su ba wannan ba in ba almubazzaranci da dukiyar baitulmali ba. Ƙasar da ake magana a kanta kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka ajiyar gas, sama da tiriliyan 200 na ma'aunin ƙafa da ake auna iska da shi, har masana na cewa Nijeriya ƙasar gas ce da aka tarar da ɗan mai a cikinta.

Hukuma ta shiga harkar a hankali. An kafa kamfanin mai na ƙasa cikin 1971, shekarar da Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC, aka sake masa fasali ya zama NNPC cikin 1977, sa'an nan cikin 1988, da aka rarraba ayyukansa ga rassa, aka fitar da reshe guda aka ba shi suna Kamfanin Gas na Nijeriya, wato NGC, da mazauninsa kusa da Warri. Aikin da aka yanka masa shi ne ya karɓi gas daga hannun masu haƙa, ya tura shi ta bututu, ya sayar wa tashoshin lantarki da masana'antu. Ba shi ke haƙa ba, ba shi ke ƙonawa ba, dillali ne kuma mai hanya. Babban abin da ya riƙe shi ne bututun Eskarabos zuwa Legas, wanda aka buɗe cikin 1989 domin ciyar da tashar lantarki ta Egbin, daga baya kuma masana'antun Ikeja da Ota da Agbara suka jingina da shi. Cikin 2016 aka raba kamfanin biyu, ɗaya ya riƙe bututu ɗaya ya riƙe ciniki, sa'an nan dokar man fetur ta 2021 ta mai da uwar kanta, NNPC, kamfani mai neman riba, wanda aka ƙaddamar a watan Yuli na 2022, duk da cewa hannun jarinsa na hukuma ne gaba ɗaya.

A nan akwai abin lura wanda ya fi sauran duka. Cikin 1989 aka kafa wani kamfani dabam, NLNG, a tsibirin Boni, domin sanyaya gas a sayar wa Turai da Asiya. NNPC na da kashi 49 cikin ɗari, sauran kuma na Shell da Total da Eni ne. Jirginsa na farko ya tashi a watan Oktoba na 1999, yanzu yana iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, ana kuma ƙarin gini da zai kai shi 30, kuma ba a taɓa jin an ce mai saye a Faransa ko Sifen ya karɓi kaya ya hana kuɗi ba. A gida kuwa sarƙar bashi ce: mai gida bai biya kuɗin wuta ba don bai ga wutar ba, kamfanin rarrabawa bai biya tasha ba, tasha ba ta biya mai gas ba, mai gas kuma, da ya ga haka, ya rage abin da yake turowa, kamar yadda ya faru a farkon 2024, wutar ta ƙara ƙaranci. Ba kishin ƙasa ne ya yi wa 'yan kasuwar gas ƙaranci ba, a ganina. Kowane falke inda ake biya yake kai hajarsa. Bilhasali, gas ɗinmu ya isa Kwatano da Lome da Gana ta bututun Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678, ya isa Turai ta teku, alhali wajen arewa bututun ya tsaya a Ajakuta, inda aka kai shi saboda masana'antar ƙarafa, shekara da shekaru bai ƙetaro ba.

Abin da wannan tsayawa ta jawo wa Kano ba ya bukatar dogon lissafi. Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Chalawa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin ma'aikata kashi uku a yini, ya kuma koma ya ga ƙofofin da ciyawa ta rufe, ya san an yi rashi. Kuma ko da yake fasa-ƙwauri da faɗuwar naira da ƙarancin auduga duk suna da hannu, mai masana'antar da ke ƙona baƙin mai da dizal ba zai taɓa yin gasa da takwaransa na Legas da bututu ke shiga har cikin harabarsa ba. Sakamakon yana jibge a Kantin Kwari, dila bisa dila na atamfa da shadda daga Sin, a garin da rini da saƙa suka yi wa suna tun kafin zuwan Turawa. Telolin Fagge ma, waɗanda ake kawo wa ɗinki daga Nijar da Chadi da Kamaru, in azumi ya raba tsakiya aiki ya yi yawa, za ka ga an ɗauke wuta layi ya yi tsit na ɗan lokaci, sai kuma janareto ya tashi a ƙofar kowane shago, hayaƙi ya turnuƙe, maigida na yi wa yaronsa ihu a kunne don ya ji. Kuɗin fetur ɗin kuwa a wuyan rigar mai sallah ake ɗora shi. A watan Oktoba na 2024, da layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, Kano ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, domin ba ta da wata babbar tasha tata, sai abin da waya ta kawo Kumbotso daga nesa.

Wannan giɓi ne aka ce bututun AKK zai cike, wato Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dala biliyan 2.8, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni, 2020. An ce shekara biyu za a yi. Bashin da aka sa rai daga bankunan Sin bai fito ba, kamfanin NNPC ya koma ga aljihunsa. Ga rashin tsaro a dazuzzukan Neja da Kaduna. Ga kuma Kogin Kwara, wanda dole a huda ƙarƙashinsa, kuma sai cikin 2025 aka ba da sanarwar an ƙetare shi. Masu dogon buri suna hango bututun ya zarce ta Nijar har Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, bisa yarjejeniyar da ƙasashen uku suka sa wa hannu a Abuja cikin 2009. Nakan yi murmushi in na tuna cewa kusan hanyar nan ce ayarin Buzaye da Larabawa ke bi daga Agadas da Gat, su sauke raƙuma a Fagge bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911 sai ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, dalar gyaɗa ta tashi, Sabon Gari ya kafu. Sau biyu ke nan hanya ta sauya wa wannan unguwa arziki.

Sai dai ya kamata mai karatu ya kiyaye kada zumuɗi ya kwashe shi. Bututu rijiya ba ne, magudana ce kawai, kuma ba zai kawo komai ba sai an haƙa isasshen gas a kudu an haɗa shi da bakinsa, sai kuma an sami masu saye da za su ɗaure kansu da alkawarin biya na shekaru masu yawa. Iskar da zai kawo ba ta tukunya ba ce, saboda haka uwargidan nan ta Fagge kada ta zaci za a wayi gari an ja mata tiyo har madafa. In fa'ida za ta same ta, ta waya za ta zo, in an gina tashar lantarkin da aka tsara wa Kano, ko ta kuɗin mota in tashoshin sayar da matsattsiyar iska sun yawaita, ko ta buhun taki, tun da da wannan iska ake yin takin yuriya, kamar yadda ake yi a Onne da Eleme da masana'antar Ɗangote ta Lekki. Bayan babban bututun kuma akwai sauran aiki wanda ba a cika ambatonsa a jawabin buɗe taro ba: ƙananan bututai da za su ratsa gari zuwa Chalawa da Sharaɗa da Bompai, da ma'aunai, da ma'aikatan da suka san gyara, da kuma hana gini da haƙa a kan layin, a birnin da ake kafa rumfa a kan magudanar ruwa.

Da na gaya wa dattijon nan mai rumfa wani abu daga cikin wannan bayani, ya saurara yana goge sikelinsa, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe ni ba za a raba ni da sana'ata ba ke nan." Na ce a'a, Baba, tanka za ta ci gaba da zuwa. Ya ce to Allah ya kawo ta lafiya, don tun shekaranjiya suke jiranta, an ce ta lalace a hanya bayan Lakwaja.