Shafi Ɗaya, Adireshi Biyu: Sauyin da Ake Yi a Tsarin Fayil na Linux

Wanda ya buɗe tsohon rubutun manhajar da ke kula da fayiloli a Linux, ko na ext2 ko na btrfs, zai riƙa cin karo da wasu layuka da ke bin juna a wurare barjat. A kira kmap, a zuba bayanai cikin shafin memori, a kira flush_dcache_page, sannan a rufe da kunmap. Tun daga 2021 layukan nan suke ɓacewa, ana maye gurbinsu da kira guda, irin su memcpy_to_page da folio_zero_range. Daga nesa sai a ɗauka gyaran fuska ne. A ganina sauyin ya fi haka nauyi, domin yarda ce masu Linux suka yi cewa an ɗora wa marubucin tsarin fayil wani kaya da bai kamata ya ɗauka ba tun farko, wato sanin halin kowace irin furosesa a duniya.

Asalin maganar daga nan take. Linux ba ya komawa faifai duk lokacin da aka nemi fayil. Yana riƙe abin da ya karanta a memori, shafi-shafi, kowane shafi galibi bayit 4096. Manhaja tana iya neman a ba ta abin da ke ciki ta hanyar read, tana kuma iya cewa a ɗora mata shafin kai-tsaye a cikin adireshinta ta hanyar mmap, dabarar da SunOS 4.0 ya fito da ita fili a 1988. Da zarar an yi haka, shafi ɗaya ya sami adireshi biyu: wanda zuciyar Linux take gani da shi, da wanda manhaja take gani da shi.

Furosesa kuwa tana da wata 'yar ma'ajiya ta kusa mai saurin gaske, inda take riƙe abin da ta taɓa kwanan nan don kada ta riƙa jiran babbar memori. Tambayar ita ce, da wane adireshi take shirya kayan da ke cikin ma'ajiyar? Tsofaffin furosesoshin ARM, irin ARM9, da adireshin da manhaja ke gani suke aiki. Wasu na MIPS da SPARC da PA-RISC da SuperH suna zaɓar gurbi da wannan adireshin, su tabbatar da na ainihi. Ɗauki ma'ajiya mai kilobayit 32 da aka raba gida huɗu. Kowane gida kilobayit 8 ne, ya ninka shafi sau biyu, don haka bayit ɗaya na iya zama a gurbi biyu daban, gwargwadon adireshin da aka bi aka same shi. Kamar mai shago ne da yara biyu, kowa da ɗan littafinsa a aljihu: wannan ya rubuta cewa an biya bashi, wancan har yanzu littafinsa na cewa ana bin kuɗi, babban littafin shago kuma bai san an yi ba. Aikin flush_dcache_page shi ne tilasta a zazzage abin da ke aljihu cikin babban littafi kafin ɗayan ya duba. David Miller, wanda ya daɗe yana kula da ɓangaren SPARC, shi ya rubuta ƙa'idar a takardun Linux: idan zuciyar tsarin ta yi rubutu a shafin fayil, ko za ta karanta shafin da manhaja ke iya rubutu a kai, to a zazzage.

Dalili na farko na sauyin yana nan, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A furosesoshin Intel da AMD, ƙarfen da kansa yake daidaita ma'ajiyarsa, shi ya sa flush_dcache_page a can fanko ne, ba ya yin komai. Yawancin masu rubuta tsarin fayil a kan irin waɗannan kwamfutoci suke aiki, a kansu suke gwaji. Mutum zai manta da layin, komai ya tafi daidai a gabansa, gyaransa ya wuce, a saki sabon Linux. Sai bayan watanni wani mai ƙaramar na'ura ta MIPS ya ga fayil ya fito da tsofaffin bayanai a tsakiyarsa, sau ɗaya a cikin gwaji masu yawa, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ƙa'idar da ba a hukunta mai karya ta a inda yake zaune, a hukunta wani can nesa, ba za ta tsaya da ƙafarta don an rubuta ta a takarda ba.

Dalili na biyu tsohon bashi ne na zamanin bit 32. Adireshin da irin wannan furosesa ke iya kaiwa gigabayit 4 ne. Linux ya saba ba manhaja 3, ya riƙe 1, kuma a cikin wannan ɗayan kusan megabayit 896 kaɗai yake iya gani kai-tsaye a kan x86. Abin da ya haura haka shi ake kira highmem, kuma sai an buɗe masa taga ta wucin gadi kafin a taɓa shi. Tagar ita ce kmap. Gurabenta kaɗan ne, 512 ko 1024 a x86, makulli ɗaya ke tsare su duka, idan sun cika sai a jira. Aka kawo kmap_atomic don sauri, amma shi kuma yana hana a katse aikin da ke gudana har sai an rufe tagar, ko da a kwamfuta mai bit 64 wadda ba ta da highmem sam. Wannan ya tsaya wa masu son Linux ya amsa kira a kan ƙayyadadden lokaci a maƙogwaro. Thomas Gleixner ya kawo kmap_local_page a Linux 5.11, farkon 2021, wanda ke buɗe taga ga aiki guda ba tare da ya toshe wa sauran hanya ba. Yana cikin duwatsun da aka kawar kafin PREEMPT_RT, wato aikin masu son amsa kira a kan lokaci, ya shiga babban Linux a 6.12, cikin Nuwamba 2024.

Sai kuma folio na Matthew Wilcox, da ya shiga a 5.16 cikin Janairu 2022, wanda ke tattara shafuka da yawa a riƙe su tamkar abu ɗaya. A na'ura mai highmem, shafi ɗaya-ɗaya ake iya buɗe wa taga a cikinsa. Da an bar kowane tsarin fayil ya rubuta nasa zagayen na bin shafukan, da kuskuren ya yaɗu ko'ina.

Ribar haɗa layukan cikin kira guda ta bayyana da wuri. Ira Weiny ya fitar da memcpy_to_page ya zama na kowa a 2021, kuma a shekarar Christoph Hellwig ya ƙara zazzagewar a cikinsa. Gyara ɗaya a wuri ɗaya, duk masu kiransa suka amfana, har da waɗanda ba su taɓa jin labarin matsalar ba. Ba na jin akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi.

Amma ban yarda da masu ɗaukar aikin a matsayin sauya suna kawai ba. Tagogin kmap_local_page sai an rufe su a juye, na ƙarshe shi ne farko. A ext2, sauya wa fayil suna na iya buɗe shafukan kundi biyu ko fiye a lokaci guda, sai da aka bi tsarin buɗewa da rufewa a tsanake kafin a sauya. Adireshin da aka samu kuma na aikin da ya buɗe ne kaɗai, ba a miƙa wa wani. Akwai kuma wuraren da suka dogara da hanin katsewa na kmap_atomic ba tare da marubucin ya faɗa ba, wataƙila ma bai sani ba. Cire shi ba bincike na iya buɗe ƙofar karo tsakanin ayyuka biyu. Sannan rabin ƙa'idar Miller ne aka ɗauke wa mutane. Ɓangaren rubutu ya shiga cikin sababbin kiraye-kirayen, amma memcpy_from_page ba ya zazzage komai, don haka mai karanta shafin da manhaja ta ɗora a adireshinta har yanzu shi zai tuna. Ga shi masu tunawar suna raguwa, tunda sabon shiga ba ya ganin layin a ko'ina balle ya tambayi amfaninsa.

Ana kuma rage na'urorin kansu. An cire tallafin furosesar Itanium a 6.7, farkon 2024. A 6.15 an daina tallafa wa memori sama da gigabayit 4 a x86 mai bit 32, cikin aikin Arnd Bergmann, wanda ya daɗe yana neman hanyar sallamar highmem a hankali. Ina goyon bayan wannan, muddin an yi la'akari da allunan ARM masu bit 32 da gigabayit ɗaya ko biyu, waɗanda su ne suka fi dogara da shi yanzu. Abin da nake tsoro shi ne a haɗa matsalolin biyu a kwando ɗaya don a layi ɗaya aka saba ganinsu. Ranar da highmem ya tafi, kmap zai zama tarihi, amma ma'ajiya mai gurbi biyu tana nan daram a na'urori masu megabayit 64 ko 128 da ba su taɓa buƙatar highmem ba. Da dama daga cikin na'urorin rarraba intanet masu araha, irin waɗanda ake saya a kasuwannin waya na Kano da Yamai, furosesar MIPS ce a cikinsu, Linux ne kuma ke tafiyar da su. Mai irin wannan na'ura ba ya canza ta duk shekara biyu.

Inda aikin ya rage shi ne gwaji. Ɓangaren taga yana da sauƙi, domin akwai zaɓin DEBUG_KMAP_LOCAL_FORCE_MAP da ke tilasta wa kwamfuta mai bit 64 ta buɗe tagogin wucin gadi, marubuci ya ga kuskurensa a kan teburinsa. Ɓangaren zazzagewa ba shi da irin wannan. QEMU, wanda ake kwaikwayon MIPS da SPARC da PA-RISC da shi, ba ya kwaikwayon ma'ajiyar furosesa, saboda haka layin da aka manta ba zai nuna kansa a can ba. Sai an sami ƙarfen gaske, an kunna shi, an sa shi rubutu da karatu ta mmap na tsawon sa'o'i a kan kowane sabon Linux. Masu yin wannan 'yan tsiraru ne, da yawansu kuma a lokacin hutunsu suke yi, kamfanonin da ke sayar da na'urorin kuwa sun fi son su tsaya a kan tsohon Linux ɗin da suka fara da shi.