Bukin Rani da Tuwon Damina

Shekara a ƙasarmu kashi biyu ce, damina da rani. Da damina ba mu da lokacin kanmu. Tun da asuba mu ke fita gona, ba mu komowa sai rana ta yi sanyi. Mutum ya kan yi wata guda bai zauna da abokinsa ba, sai dai su gaisa a hanya, kowa da hauya a kafaɗa. Amma in kaka ta yi, aka yanke gero da dawa, aka ɗaure, aka kai rumbu, to, sai jiki ya huta. Daga nan har faɗuwar ruwa, watau daga wajen Nuwamba zuwa Mayu, shi ne lokacin ziyara da wasa da buki.

Turawan Ingila su ma suna da lokacin hutunsu. Nasu yana zuwa cikin Yuli da Agusta, sa'ad da mu ke tsakiyar noma. Kowace ƙasa da irin shekararta.

A wannan darasi za mu duba yadda rani ke wucewa a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Sa'an nan mu yi wani ɗan lissafi wanda ya shafi duk mai rumbu.

Aikin rani da wasan rani

Kada wani ya ce rani lokacin zaman banza ne. Da rani a ke gyaran ɗaki da danga, a ke yin tubali, a ke saƙa zana da tabarma. Masu fadama a bakin gulbin Gagare da na Bunsuru suna ban ruwa ga albasa da tumatir da tattasai. Samari da yawa su kan tafi cin rani Kano ko Ikko ko wani babban gari, su komo kafin shuka. Bambancin kurum shi ne, aikin rani yana barin mutum ya ga ɗan'uwansa.

In yamma ta yi, manya su kan zauna gindin itace suna dara. Yara maza suna langa. In akwai farin wata, 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, ƙanana kuma su kewaye kakarsu ta yi musu tatsuniya. Bayan girbi ne a ke kokawa tsakanin ƙauye da ƙauye. A lokacin ne kuma a ke dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, da kalankuwa, da farauta, da sharon Fulani.

Wannan yanki namu ya yi suna wajen makaɗa. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, a ƙasar Shinkafi, shi ne ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau a ke saurare. Kassu Zurmi ya shahara wajen kiɗan 'yan tauri. Ɗan'anace kuwa shi ya sa sunan Shago da Ɗandunawa ya kai ko'ina cikin 'yan dambe. Irin waɗannan wasanni suna da amfani. A wurinsu ne mutanen ƙauyuka ke sanin juna, a ƙulla abota, wani lokaci har a ƙulla aure.

Ranar kasuwa

Kasuwa ma wurin sada zumunci ce. Kasuwar Shinkafi tana ci ranar Alhamis, kuma ta daɗe da yin suna wajen shanu da tumaki da hatsi. Fatake su kan zo mata daga Jamhuriyar Nijar da kuma kudancin Nijeriya. Mutum ya kan tafi da akuya guda, ya sayar, ya sayi gishiri da atamfa, ya ci tsire da abokinsa, ya komo gida da labarin garuruwa biyar.

Ƙauran Namoda kuwa jirgin ƙasa ya iso ta a 1929, nan ne hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare. A zamanin nan gyaɗa da auduga su ne kayan sayarwa. Manomi ya kan sayar da su ya sami kuɗin buki, gero da dawa kuwa su zauna cikin rumbu. Yau mutane da yawa hatsin da za su ci shi ne kuma abin sayarwarsu. Mu riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Lokacin buki

Yawancin aure a ƙauyukanmu bayan kaka a ke yinsa. Dalili a fili ya ke: akwai abinci, akwai ɗan kuɗi, hanya ta bushe, mutane kuma suna da sukuni. Sai a kai lefe, a sa rana, a yi kamu, a sa lalle, a ɗaura aure, a kai amarya. Bayan nan iyayenta su kai gara, da alkaki da nakiya da buhun hatsi. Abokan ango suna ta kai da kawowa, ƙawayen amarya suna ta daka. A dama fura, a toya waina, a gasa hoce, a raba goro.

Babu mai iya yin wannan shi kaɗai. Shi ya sa kakanninmu suka ƙago gudummawa. Aboki ya kawo kuɗi, wani ya kawo damin gero, wani ya kawo itace. Mata kuma suna da nasu tsari, wanda shi ma sunansa buki: ƙawa ta kawo miki abu ranar hidimarki, ke kuma ki mayar mata ranar tata, sau da yawa har da ninki. Wannan al'ada mai kyau ce. Ita ce ta sa talaka ke aurar da 'yarsa ba tare da kunya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke.

Inda gizo ke saƙa

Amma fa rumbun nan da a ke ɗiba da rani, shi ne zai ciyar da gida har wata kaka. Da kaka hatsi yana araha, domin kowa yana sayarwa. Cikin Yuli da Agusta yana tsada, domin rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Wanda ya sayar da kaka don ya yi buki, ya komo yana awo da damina, ya yi hasara sau biyu: ya sayar da araha, ya saya da tsada.

Akwai hasara ta uku, wadda ta fi su duka. In abinci ya ƙare a gida, dole maigida ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na awo. Yana nome gonar wani, tasa tana cika da haki. In kaka ta zo, abin da zai samu bai kai na bara ba. Ta haka bukin kwana uku ke jawo wahalar shekara biyu. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda ya ke in rumbu ya ƙare ruwa bai zo ba.

Mu tuna kuma da Salla. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka Salla ba kullum ta ke faɗowa lokacin wadata ba. A 2025 Ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Maris, Babbar Salla kuwa a farkon Yuni, daidai lokacin shuka. Wanda ya ƙarar da komi wajen bukin Janairu, da me zai tarbi waɗannan?

Mu yi lissafi

Ga misali. A ce gida ne mai mutum takwas, suna cin tiya 2 kowace rana. Kwanakin shekara 365 ne. In muka ninka su sau biyu, mun sami tiya 730. A yawancin kasuwanninmu buhu yana cin tiya kamar 40. Ke nan abincin wannan gida na shekara buhu 18 ne da tiya 10. Mu ce buhu 18 da rabi.

To, a ce maigidan ya sami buhu 25 bana. Ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma, watau buhu 2 da rabi. Saura 22 da rabi. Ya ware buhu 1 na iri. Saura 21 da rabi. Ya ware 18 da rabi na abinci. Saura buhu 3. Waɗannan ukun su ne nasa na buki da Salla da baƙi. Su ne zai iya sayarwa hankalinsa kwance.

Yanzu a ce ya ga maƙwabcinsa ya yi babban buki, shi ma ya ce ba za a fi shi ba, ya sayar da buhu 8. Biyar daga ciki na abinci ne. Buhu 5 tiya 200 ne, tiya 200 kuwa abincin kwana 100 ne. In sabon hatsi zai shigo gida a farkon Oktoba, to, nasa zai ƙare tun a ƙarshen Yuni, sa'ad da a ke noman firi, sa'ad da jiki ya fi bukatar tuwo.

Wani zai ce, ai ni da dami na ke ajiyewa, ba da buhu ba. Ba komi. Ka ɗauki dami ɗaya matsakaici, a sussuke, a sheƙe, ka auna tiya nawa ya ba ka. Sa'an nan ka ƙirga damman da ke rumbu, ka ninka. Ka tambayi uwargida tiya nawa ta ke dafawa kullum, gama ita ta fi kowa sani. In kana da rumbu biyu, ka sa abincin damina a ɗaya, ka liƙe shi, kada a buɗe sai ruwa ya sauka.

Littafin buki

Gudummawa alheri ce, amma kuma bashi ce. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke ɓata tsakanin aminai shi ne mantuwa. Wannan ta ce dubu biyu na kai, waccan ta ce dubu ɗaya na gani. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sami ɗan littafi. Ku ja layi huɗu: sunan mutum, garinsa, abin da ya kawo, da ranar da ya kawo. In an aiko muku da goron gayyata, sai ku buɗe littafi ku ga abin da ke kanku. In ba a iya rubutu a maƙwabta, ku taimaka ku rubuta musu ranar hidimarsu. Wannan ma gudummawa ce.

Ninki kuma a yi hankali da shi. Naira 1,000 in aka ninka ta zama 2,000, sa'an nan 4,000, sa'an nan 8,000, sa'an nan 16,000. Buki biyar ke nan kurum. In abu ya fi ƙarfinku, ku zauna ku biyu ku yi magana, ku komo da shi ƙasa. Ƙawa ta gari ba za ta so ki sayar da akuyarki don ki fita kunyarta ba.

Halin da mu ke ciki

Ba za mu ɓoye ba, ranin yanzu ba kamar na dā ba ne. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara. Akwai ƙauyukan da aka daina wasan dare, akwai gonakin nesa da aka bar nomawa. A watan Satumba na 2021 har an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya na wani lokaci. Mutane da yawa sun baro gidajensu sun shigo Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, sun sauka wajen dangi da abokai.

Wannan ya ƙara wa lissafinmu nauyi. In gona ta ragu, rarar da ke rumbu ta ragu. In baƙi sun sauka, bakin da ke ci ya ƙaru. Ya kuma nuna mana amfanin abota. Waɗanda suka buɗe wa mutane ƙofa a wannan wahala, da yawansu a wurin kasuwa da kokawa da buki aka san su. Saboda haka ba mu ce a daina buki ba. A yi shi da rana, a sallami na nesa da wuri su isa gida da haske, a yi shi daidai ƙarfi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tuwon dawa da miyar kuka, in an ci da fara'a, ya isa buki. Baƙon da ya zo dominka ba zai ƙirga buhunan da ka sayar ba. 'Ya'yanka kuwa cikin Agusta za su san ko ka yi lissafi ko ba ka yi ba.

Aikin gida

1. Tiya nawa a ke ci a gidanku kowace rana? Nawa ke nan a wata? Nawa a shekara?

2. Ku auna dami ɗaya, ku ƙirga damman rumbunku, ku rubuta abin da kuka samu.

3. Bayan zakka da iri da abinci, mene ne ya rage?

4. Ku rubuta sunayen mutum biyar da suka kawo muku gudummawa a hidimarku ta ƙarshe, da abin da kowa ya kawo.

Ku zo da amsoshinku aji mako mai zuwa, mu duba tare.