Ko Kun Sani? Daga Gwangwani zuwa Tukunya

Ko kun san gwangwanin lemo na alminiyon da 'yan bola jari ke tsinta a lungunan Kurmin Mashi, maƙera irin na kasuwar Panteka su narka su zuba tukwane, yana rage wa duniya dagwalo mai yawa?

Sabon alminiyon daga jan dutsen bauxite ake samunsa, wanda ƙasar Gini ke haƙa sosai. Kafin a sami tan 1 sai an sarrafa kusan tan 4 na dutsen, a bar jar laka mai ƙona fata da ake tarewa a manyan madatsai. A watan Oktoban 2010 irin wannan madatsar ta ɓalle a Ajka ta ƙasar Hangari, mutum 10 suka rasu.

Narka tsohon alminiyon kuwa kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin yin sabo kawai yake ci. Sana'a ce da ta cancanci girmamawa. Sai dai maƙera su kiyaye: kada dalmar batir ta shiga narkin tukunyar girki, domin guba ce, musamman ga yara.