Wahalar Ƙuruciya da Shan Taba Sigari

Wataƙila ka san samari biyu da suka ɗanɗana taba sigari a rana ɗaya. Ɗaya ya yi tari, ya jefar da ita, bai sake waiwayarta ba. Ɗayan kuwa ya kamu, har ya tsufa da karan sigari a baki. Wani ɓangare na dalilin yana cikin irin ƙuruciyar da kowannensu ya yi.

Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci wani bincike a birnin San Diego na Amurka. An tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka gani suna yara: duka mai tsanani, zagi, rabuwar iyaye, zama da mashayi a gida, ko ganin ana dukan mahaifiyarsu. Waɗanda suka sha irin wannan wahala kala huɗu ko fiye, yiwuwar su zama masu shan taba ta ninka ta waɗanda ba su sha ko ɗaya ba wajen sau biyu.

Me ya haɗa wahala da taba? Ka tuna ranar da kare ya biyo ka. Gabanka ya faɗi, jikinka ya saki sinadaran tsoro, irin su kotisol, ka ruga a guje. Da ka tsira, hankalinka ya kwanta. Amma yaron da yake kwana yana tashi cikin fargaba, jikinsa ba ya samun wannan hutu. Ƙwaƙwalwarsa takan zama kamar maigadin da ba ya runtsawa, ko ganye ya motsa sai ya zabura. Sau da yawa ma wasa da hira ba sa faranta masa rai kamar sauran yara.

To, a nan nikotin yake samun ƙofa. Shi ne sinadarin da ke cikin taba. Idan an zuƙi hayaƙi, yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki dofamin, sinadarin jin daɗi. Ga wanda ya daɗe cikin ƙunci, wannan ɗan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta mantawa da shi. Sai dai bashi ne. Bayan 'yan sa'o'i nikotin ya ragu a jini, damuwa ta dawo, hannu ya sake neman ashana.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba.

Kada ka ɗauka duk wanda ya sha wuya yana yaro zai sha taba. Da yawa ba su taɓa kai ta baki ba. Cikin abubuwan da suka fi kare irin wannan yaro akwai babba guda mai sauraronsa, ko kaka, ko kawu, ko malamin aji.