Sadakar da Ba a Yi Niyya Ba

Jama'a, da yawa daga cikinmu a zangunan Kumasi da Nima kan karɓi takardar bayanin asusu daga banki, mu ninke ta mu ajiye ba mu karanta ba. Sai ranar da kuɗi suka gaza a ga ashe wata ƙungiyar agaji na cirar 'yan sidi kowane wata.

Kada a yi saurin kiran ɓarawo. Sau da yawa sunan da ke takardar na kamfanin da ya karɓi kuɗin ne, kamar Paystack ko Hubtel, ba na ƙungiyar ba. Wani lokaci kuma mai asusun ne ya sa hannu a takardar cira duk wata, musamman a watan azumi da zuciya ke laushi, yana zaton bayarwa ɗaya ce. A tambayi 'ya'ya ma, tunda su ke riƙe mana kati da waya.

In an tabbata babu izini, a rubuta wa banki wasiƙa da ranar cirar da adadin, a nemi a soke umarnin, a toshe katin, a riƙe kwafi. Bankin da ya yi kunnen ƙashi, ana kai ƙararsa Babban Bankin Gana.

Wanda ya bugo waya wai zai mayar da kuɗin in an faɗa masa lambar sirri, ɗan damfara ne, a kashe wayar.