Itatuwan Gida Da Baƙi: Darasi Ga Manomi Daga Gandun Sanda Kyarimi

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, itace ba kamar gero ba ne, da za ka sake iri baɗi idan na bana bai yi ba. Wanda ka dasa yau zai zauna a gonarka shekara talatin ko fiye, yana ƙara maka amfani ko yana rage shi. Saboda haka ya kamata ka san halin kowane itace kafin ka haƙa masa rami. Gandun Sanda Kyarimi da ke Maiduguri wuri ne mai kyau na fara wannan nazari. An kafa shi a 1970, aka sa masa sunan Shehun Borno Sanda Kyarimi, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Galibin masu zuwa namun daji ke kai su, amma kai ka ɗaga kai ka dubi itatuwa, a cikin gandun da kuma titunan da ke kewaye da shi.

Baƙin itatuwa

Itacen da ya fi yawa a Maiduguri shi ne darbejiya, wato dogon yaro ko maina. Da yawa na ɗaukarsa ɗan ƙasa, alhali asalinsa ƙasar Indiya da Bama ne. A 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, ya karɓi ƙasar, domin yana jure fari da zafin bazara da kan wuce digiri 40. Amfaninsa a bayyane yake: inuwa, itacen girki, da maganin ƙwari. Idan ka daka rabin kilo na ƙwayar 'ya'yansa, ka jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace, ka sami abin fesa wa wake da kayan lambu.

Sai dai ka lura da gindinsa. Da wuya ka ga ciyawa ta yi kyau a wurin, saboda inuwarsa na da duhu, saiwoyinsa kuma na kwashe lema. Abin da ya yi wa ciyawa shi zai yi wa geronka. Haka nan itacen turare, wanda ya fito daga Ostireliya: yana girma da sauri, yana ba da azara, amma shan ruwansa ya yi wa gonar tudu yawa. Mangwaro, shi ma ɗan Indiya, wurinsa lambu ne inda ake ban ruwa.

Itatuwan gida

Gawo shi ne babban abokin manomi. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke buƙatar rana, ya yi sabo da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da ake nema a takin yuriya, shi ya sa gero da dawa suka fi kyau a ƙarƙashinsa.

Dakwara ce ke ba da ƙaro mafi daraja a kasuwa. Ana fara tsaga ta bayan shekara huɗu zuwa biyar, idan damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba. Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya tana da reshe na aikin ƙaro a Gashuwa, jihar Yobe.

Aduwa da magarya da kurna suna rayuwa da ɗan ruwan da yankin ke samu, kimanin milimita 600 a shekara. Kuka na ba da miya, tsamiya na ba da kunu. Bagaruwa kuwa, wadda majema ke amfani da 'ya'yanta, tana jure kwanciyar ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan aka tuna ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau, ta mamaye gandun da babban ɓangaren gari. Darbejiya ba ya son ruwa ya daɗe a gindinsa.

Kowane itace da wurinsa

1. Cikin gona: gawo, a bar tazarar mita 10 tsakaninsu, wato itace 100 a hekta, a rage su idan sun girma.
2. Iyakar gona: darbejiya a jere, ta gefen da iska ke bugowa. Haka aka yi a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar tun daga 1975, don kare gero daga iska. A riƙa sassabe rassan da suka shigo gona.
3. Gonar da ta gaji: dakwara, tare da wake ko gyaɗa a tsakani kafin ta yi girma.
4. Fadama da bakin kogi: bagaruwa.
5. Ƙofar gida da bakin hanya: darbejiya da tsamiya.

Shirya iri da dashe

Irin gawo da dakwara da bagaruwa na da tauri. Ka kankare gefensa kaɗan, ko ka jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Irin darbejiya kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, don haka a shuka shi da ɗanyensa. A yi reno a leda tun bazara, a dasa idan ruwa ya zauna a watan Yuli, a kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kammalawa

Ba sai ka sayi kowane dashe ba. Lokacin sharar gona, idan ka ga kututturen gawo ko aduwa ya yi toho, zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na yankinku kafin faɗuwar damina.