ƊINKIN LITTAFI DA HANNU: ABIN DA MUKA GANO A ƘASAR KAFUR

Kwanan baya mun ziyarci wani ƙauye a ƙasar Kafur, kudancin Jihar Katsina, muka sauka wurin wani tsohon malamin makaranta. Muna cikin taɗi sai ya jawo akwati, ya fito mana da littattafai biyu. Na ɗaya rajistar 'yan makaranta ce, ba ta fi shekara goma ba, amma 'yan ƙarafan da aka maƙale ta da su sun yi tsatsa, sun cinye gindin takardun, sai zubewa su ke yi. Na biyu kuwa littafin fiƙihu ne na kakansa, rubutun hannu, yana kwance cikin gafaka, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Ya dube mu ya ce, "To, malamai, wanne ne tsoho a cikinsu?" Muka rasa ta cewa.

Wannan al'amari ba na wasa ba ne. Ƙasar Kafur ƙasar noma ce, masara da dawa da audugarta suna cika kasuwannin Funtuwa da Malumfashi. Inda a ke ciniki kuwa dole a yi rubutu: bashin taki, jinginar gona, rabon gado, shekarar haihuwar yaro. Ran da warƙa ɗaya ta fita daga littafi, ran nan 'yan'uwa biyu su ke kama hanyar gidan alƙali. Tsofaffin akawunan En'e, waɗanda suka yi aiki kafin a kafa ƙananan hukumomi a 1976, sun san wannan sarai.

Abin mamaki shi ne, malamanmu na da ba su ɗinke littafi. Warƙoƙi a ke bari a sake, domin almajirai da yawa su rarraba su yi karatu a lokaci guda. Don kada su rikice, marubuci ya kan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ya gama. Sa'an nan a haɗa su tsakanin bango biyu masu ƙarfi, watau tadarishi, mai leɓe wanda a ke naɗowa ya rufe bakin littafin kamar marfin ambulan, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Yawancin takardar ƙarni na 19 daga Italiya ta ke fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita. Fatar kuwa tamu ce, ta jar akuya, wadda a ke jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi. Ita ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, suna ce da ita fatar Maroko, domin ta arewacin Afirka ta ke isa gare su.

Littafi mai ɗaurarren gindi ya bazu ne tare da boko. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan hira, wadda ta fid da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sa'ad da ya ke koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, littattafai suka yawaita a hannun jama'a. Amma fa an koya mana karanta littafi, ba a koya mana gyaransa in ya lalace ba. Alhali kuwa ɗinkin ba shi da wuya, kayansa duk suna nan gida: allura ko basilla, zare mai ƙwari, kakin zuma, kwali, ƙyalle, da sitacin rogo ko ƙaro.

Ga yadda a ke yi. A ɗauki takarda huɗu a ninke su biyu a tare, sun zama kashi ɗaya mai shafi 16. A buɗe tsakiya a huda rami uku a kan ninkin. A goga wa zaren kaki domin kada ya tsinke ko ya harɗe. A shigar da allura ramin tsakiya daga ciki, a fita waje, a komo ta ramin sama, a tsallake na tsakiya a fita ta na ƙasa, sa'an nan a sake shigowa ta tsakiya. Bakin zaren biyu su sa dogon zaren nan a tsakaninsu, a ƙulle. Shi ke nan, an sami ɗan littafin da ba ruwansa da tsatsa.

In babban littafi a ke so, kamar rajista, sai a yi kashi goma, watau shafi 160. A yanka ƙyalle siriri guda biyu ko uku a gitta a gindi, a riƙa ɗinka kowane kashi zaren yana hawa ta kansu, in an kai ƙarshe a sarƙe shi da na ƙarƙashinsa. In an gama a shafa sitaci kaɗan a gindin, a liƙa ƙyalle, a manna bakin ƙyallayen nan a jikin kwali biyu, a lulluɓe da fata ko yadi. A danne shi da abu mai nauyi ya kwana. A kula fa, kada a cika sitaci, kada kuma a ajiye shi bai bushe ba, gama ɗanshi shi ke gayyato kyankyaso da gara.

Ambulan kuwa ya fi sauƙi. A sami takarda mai kusurwa huɗu daidai wa daida, a juya ta kusurwa ɗaya tana duban mai aikin, a aza wasiƙar a tsakiya. A ninko kusurwar dama da ta hagu, a ninko ta ƙasa a liƙe da ƙaro, ta sama ita ce marfi. In an manna irinsa a cikin bangon littafi na baya, ya zama ma'ajin rasit da takardun shaida.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu na Kafur da kewaye su ware awa ɗaya a mako domin wannan aiki, su gayyato dukawan gari su nuna wa yara yadda a ke fere fata da riƙon basilla. Malaman ofis kuma kowa ya duba ma'ajinsa tun damina ba ta faɗi ba, ya cire ƙarafa masu tsatsa ya mayar da zare. Wanda ya gaji littafin kakanni kuwa kada ya ɗinke shi, ya bar shi yadda masu shi suka bar shi, ya sabunta masa gafaka kurum. Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya sa mu dace, amin.